Buroshi Mai Baƙin Salatif

"Na faɗa miki, zan kuma sake faɗa miki, Auta. Muddin ina numfashi ba za ki auri mutumin da yayarki ta ajiye ba."

Da wannan maganar Umma ta rako ni bakin ƙofa da safe. Maganar ta biyo ni cikin mota, ta shigo shago tare da ni, ta tsaya a kaina har na ɗaura rigar aiki.

Shagon kwalliyar na Yaya ne. Ita ke gyara fuskoki, ni ke wanke buroshi. Na gama jami'a a fannin ƙwayoyin cuta, na yi ta yawo da takardu har dugadugan takalmina suka cinye. Rannan Yaya ta dube ni ta ce, "Zo ki kashe ƙwayoyin cutar shagona kafin masu ɗaukar aiki su tuna da ke." Haka na sami ofis: lungu a bayan labule, da famfo, da tawul, da taga mai kallon titi.

Tagar kuwa shagon Mai Tabarau take kallo.

Na zura yatsuna biyu cikin 'yar robata. Ƙarama ce, ruwan hoda, ba ta kai tafin hannu ba, an yi ta da robar nan mai laushi da ake kira silikon. Bayanta na da layuka masu kauri don manyan buroshi, samanta na da ƙananan ƙuraje don ƙanana. Sai in jiƙa gashin buroshi kansa na kallon ƙasa, don kada ruwa ya shiga wuyansa ya saki gam. In ɗiga sabulun wankan jarirai, in murza a hankali a kan robar, kala ta fito, in ɗauraye har ruwan ya yi fari. Sannan in matse, in gyara bakinsa, in kwantar da shi a gefen tawul.

A da a tafin hannuna nake murzawa. Sabulu ya cinye min fata har ta fara tsagewa. Ranar da na kai tabarauna a ɗaure min ƙafarsa, Mai Tabarau ya ga hannun lokacin da nake miƙa masa. Washegari na tarar da robar a kan tagata.

"Ba ta da tsada," ya ce da na je godiya, idonsa a kan aikinsa. "Kada ki ɓata godiyarki."

Daga nan abin ya faro. Matsalar ɗaya ce: shekarun baya shi ya nemi Yaya, har manya sun fara shiga maganar, ita da kanta ta ce ta fasa.

"Mutumin kirki ne," ta ce a lokacin, "amma idan kina zaune da shi har agogon maƙwabta za ki riƙa ji."

Ni kuwa shirun nan nasa shi ne wuri na farko da na taɓa zama ban ji ana jiran in yi magana ba.

Da ya je wurin Umma a kaina, ko ruwa ba ta ba shi ba. Ta ce me dangi za su ce, ƙanwa ta tsinci abin da yaya ta yar? A satin nan dai ta fito min da ɗan ƙawarta, Injiniya, mai dariyar da ake ji tun daga bakin titi. Shi ma ya kawo min tasa kyautar: injin wanke buroshi mai batir. Ranar da muka gwada shi ya fesa ruwa har madubi, ya tuge gashin buroshin da Yaya ta fi ji da shi. Na zaci za ta yi faɗa. Dariya ta yi har da riƙe ciki, ta ce, "Injiniya, haka kake gina wa mutane gida?" Ya ce, "Ranki ya daɗe, gidan yana tsayawa, masu gidan ne ke tugewa." Injin yana nan a kan kantar shago, ba a amfani da shi, kullum dai Yaya sai ta goge masa ƙura.

A gaban Umma, Yaya ta wanke kanta tas. "Ni ba ruwana. Ta auri Mai Tabarau mana, ni na ce a ajiye min shi?"

Bakinta ke nan. Ni kuma buroshinta nake wankewa.

Akwai guda ɗaya ƙarami, mai faɗin baki, da ta naɗe ƙotarsa da baƙin salatif don kada ya haɗu da na mutane. Nata ne ita kaɗai. Da shi take shafa man rufe tabo a ƙarƙashin ido, kuma Yaya ba ta taɓa shi sai idan ta yi kuka. Na daɗe ina ganinsa a tsabtace cikin kofi. Amma tun satin da Mai Tabarau ya je gidanmu ya fara dawo min da datti. Ba kullum ba, jefi-jefi, sai dai abin ƙaruwa yake yi.

Yau ma ga shi a cikin tulin.

Na ɗora shi a kan ƙurajen robar na murza. Kalar ta fito da kauri, kalar fatar Yaya sak, wadda take haɗawa daga kwalba biyu, babu wata mai zuwa shagon da ke da irinta. Na ɗauraye, na sake murzawa, ta sake fitowa. Kamar ba za ta ƙare ba.

"Auta! Babban na hoda ya bushe?" Muryarta ta ratso labule, garau, kamar ba abin da ke damunta. Tana tare da wata mata da za ta je ɗaukar hoto.

"Saura kaɗan, Yaya."

"Kin ji ta ko, Hajiya? Digiri guda muka ajiye a bayan labule, amma sai an roƙe ta."

Suka yi dariya. Na leƙa ta gefen labulen. Ƙarƙashin idonta sumul, ba wanda zai ce wani abu. Ta iya aikinta.

Na koma famfo, na kasa tsayuwa wuri ɗaya. Na jera buroshin, na rushe jerin, na sake jerawa. Na wanke wanda na riga na wanke. Ta taga na hango shi yana goge gilashin ƙofarsa. Ya ɗago, ya ɗan ɗaga min hannu. Yau ce ranar da ya ce in ba shi amsa: ko ya tura manyansa su roƙi Umma, ko ya haƙura.

Da rana ta take na cire robar na tsallaka titi.

Shagonsa shiru kamar kullum, tabarau jere a bango suna kallon mutum. Ya jawo min kujera.

"Likitar buroshi. Zauna mana."

"A tsaye ma ya isa."

Ya dube ni, ya ajiye ɗan sukundireban da ke hannunsa.

"Faɗi," ya ce.

"Kada ka tura kowa."

"Umma ce?"

"Ba Umma ba ce. Da Umma ce kaɗai, da na jure, ko shekara nawa ne. Yaya ce. Har yanzu tana sonka."

Ya yi ɗan murmushin mamaki. "Yayarki? Auta, ita fa ta sallame ni. Ko gaisawa muka yi, agogo take dubawa."

"Kuka take yi."

"Ta faɗa miki?"

"Ba za ta faɗa ba ko za a yanka ta. Ni na gani."

"Kin ga hawayen?"

"Na ga abin da take rufe su da shi."

Na ba shi labarin buroshin. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba, bai yi min dariya ba. Da ya yi dariyar ma da ya fi min sauƙi.

"To ki tambaye ta," ya ce.

"In tambaye ta me? In ce Yaya, kina son wanda nake so? Za ta ce a'a, ta yi min kwalliyar aure da hannunta, ta koma gida ta rufe ƙofa. Ka san ta. Da Baba ya rasu ita ta bar karatu ta buɗe shagon nan don ni in ci gaba da nawa. Ban taɓa jin ta ce ta gaji ba. Yanzu kuma in zauna a gidanka ina jin daɗi, ita tana shafa mai a ido kowace safiya?"

Hawaye suka cika min tabarau har na daina ganinsa. Ya miƙo hannu, na cire na ba shi. Ya goge da ɗan ƙyallensa a hankali, gilashi ɗaya bayan ɗaya, ya miƙo min.

"Ni fa?" ya ce. "Ni babu buroshin da za ki wanke ki ga nawa."

"Ka yafe min."

"Ba ki yi min laifi ba." Ya juya yana kallon bango. "Wana ya daɗe yana kirana in je in riƙe masa shagonsa a can garin da yake. Tun ranar da Umma ta sallame ni jakata take a haɗe. Ke kaɗai ke riƙe da ni a titin nan. Ba zan iya zama ina kallon tagar nan ba, Auta. Akwai motar yamma."

"Yau?"

"Idan na kwana, gobe zan zo in roƙe ki. Kuma ba kya son a roƙe ki."

Na fito ban san yadda na tsallaka titin ba. Wani mai mota ya danna min oda yana zagi. A bakin shagonmu na tsaya na ciro waya, don na san idan na bari zuciyata ta huce ba zan iya ba.

"Umma, na amince da Injiniya."

"Alhamdu lillahi! Allah ya yi miki albarka, 'yar nan! Na san ba za ki kunyata ni ba. Bari in kira uwarsa yanzun nan."

Ta kashe kafin in ce wani abu.

Na koma bayan labule na zura yatsuna a robar. Hajiya ta bar mana tulin buroshi, na kama su ɗaya bayan ɗaya. Ja ya fito, ruwan ƙasa ya fito, baƙi ya fito. Ban ɗaga kai na kalli taga ba. Wata mata ta shigo gyaran gira, ta fita. Wata ta zo ta yi ta ciniki, ta tafi ba ta yi komai ba. Rana ta fara karkata kafin shagon ya zama daga ni sai Yaya.

Na fito hannuna na ɗigar ruwa. Tana zaune a kujerar kwalliya ta cire takalmi, tana latsa waya.

"Yaya, na rabu da Mai Tabarau."

Na tsaya ina jiran in ga sauƙi ya sauko a fuskarta. Sai ta ɗago a fusace.

"Kin yi me?"

"Na ce masa ya haƙura."

"Don me? Saboda surutun Umma? Ke wace irin sokuwa ce? Mutumin da ya ga tafin hannunki, alhali ni da muke kwana ɗaki ɗaya ban gani ba? Ai da kin bar ni da Umma, kwana nawa ne zan shawo kanta!"

Ba haka na shirya jin ta ba.

Wayarta ta yi ƙara. Ta duba. "Ga ta nan ma." Ta ɗauka. "Umma, yanzu nake jin shirmen da..."

Daga inda nake ina jiyo muryar Umma tana zuba, cike da murna. Na ga hannun Yaya ya kama hannun kujera.

"Da Injiniya," ta ce. "To. Ma sha Allah. Eh, na ji. Zai biyo ta shago yanzu. To, Umma. Allah ya sanya alheri."

Ta ajiye wayar a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Ta miƙe, ta yi min murmushi.

"Kin yi dace. Yana da kirki. Bari in ɗora masa shayi, ba ya son madara da yawa."

Ta shige ɗan ɗakin da muke ajiye kaya ta turo ƙofa. Na ji ta kunna butar lantarki. A ƙarƙashin ƙarar butar kuma na ji wani abu, ƙasa-ƙasa, kamar an toshe baki da mayafi.

Na tsaya a tsakiyar shago. Idona ya sauka a kan injin nan da ke kan kantar shago, fes, ba ƙura ko ɗaya.



Satin da Mai Tabarau ya je gidanmu, ai satin ne Injiniya ya fara zuwa wurina. Na shiga tuno safiyoyin da buroshin ya dawo da datti. Jiya Injiniya ya zo. Wancan karon ma, da ya kawo wa Umma magani ya zauna yana tsokanar Yaya ni ina gefe kamar kujera, washegari na wanke shi. Lokacin da ya yi tafiya wurin aiki kuwa, buroshin ya huta a kofi har ya dawo. Mai Tabarau kullum yana nan tsallaken titi, bai je ko'ina ba.

Ƙofar ta buɗe. Yaya ta fito kanta a ƙasa, ta wuce ni zuwa bayan labule. Na bi ta. Tana laluben tawul.

"Ina ƙaramin nan mai salatif?"

"Bai bushe ba."

"Ba ni haka nan."

Na riga ta ɗauka, na ɓoye a bayana. Ta ɗago. Idanunta sun yi jawur, man da ta shafa da safe ya zubo ya yi layi a kumatunta.

"Yaya, Injiniya ne?"

"Ba ni buroshina, Auta."

"Shi ne?"

"Na ce ki ba ni! Mutum na hanya, so kike ya same ni haka?"

"Ni na zaci Mai Tabarau kike wa kuka. Wallahi shi na zata. Shi ya sa na kore shi."

Ta tsaya da hannu a miƙe. Ta dube ni, ta dubi robar da ke yatsuna, ta dubi tawul. Sai ta zame ta zauna a kan bokitin da muke kifewa.

"Innalillahi. Wato leƙen asirina kike yi a famfo."

"Ba da gangan ba. Kalar ce ke fitowa."

"Kalar ta ce miki ga sunan wanda ake wa kukan?" Ta yi wata dariya da ta koma kuka. "Kai, Auta. Duk karatun nan. Da kin buɗe baki sau ɗaya kin tambaye ni!"

"Da kin faɗa min?"

Ta share hanci da bakin mayafi.

"Da ban faɗa ba."

Na durƙusa a gabanta, muka kama hannun juna muna kuka kamar yara.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun ranar injin nan na banza. Ban so ba, Auta, na rantse miki. Wurinki yake zuwa. Ke Umma ta zaɓa masa. Ni wace ce? Wadda ta kori na farko, shekaru suka tafi, kowa na cewa bakinta ya yi yawa. Na ce zan danne, zai wuce. Ina ta addu'a ki dage a kan naki, shi ya gaji ya tafi inda ba zan ƙara ganinsa ba."

"Ai ba da ni yake hira ba idan ya zo. Da ke yake yi. Ni sannu da sai an jima kawai nake samu."

"Rufe min baki."

"Zan faɗa masa."

Ta damƙe hannuna har ya yi zafi. "Idan kika faɗa masa, ba ni ba ke. Kin ji na rantse. Ba za a yi min tallar kaina ba." Ta sake ni, ta tura ni. "Ki bar nawa. Tashi ki je ki gyara naki tun bai yi nisa ba."

"Ya ce zai bi motar yamma."

"Yau? Kike durƙushe a nan kina min kuka? Tashi, don Allah!"

Na ajiye mata buroshin a cinya na fita da gudu.

Ƙofar shagonsa a rufe, an ja ƙarfe an sa kwaɗo. Na buga duk da ina ganin kwaɗon. Mai gyaran waya na kusa da shi ya leƙo.

"Ya tafi tasha, 'yan mata. Ya bar min makulli ma, wai wani zai zo kwashe kaya."

Na kira lambarsa. A kashe. Na sake kira. A kashe. Kafin in sauke wayar kiran Umma ya shigo, na bar ta tana ruri a hannuna. Na duba titi sama da ƙasa, duk motar hayar da ta wuce a cike take.

Sai wata farar mota ta rage gudu ta tsaya a gabana. Gilashi ya sauka.

"Amarya da kanta a bakin titi!" Injiniya ne, bakinsa har kunne. "Yanzu Umma ta yi min albishir, na ajiye aiki na taho. Ina zuwa haka ba ko jaka? Shigo in kai ki."

Na waiwaya. Ta gilashin shagonmu na hango Yaya tsaye a gaban madubi, buroshin a hannunta, ba ta kai shi fuska ba. Mu take kallo.

Ban taɓa yi wa mutumin nan magana da ta wuce gaisuwa ba. Na buɗe ƙofar na shiga. Sai da na zauna na ga robar na nan a yatsuna, tana ɗiga masa ruwa a kujera.

"Tasha za ka kai ni," na ce. "Ka yi sauri, don Allah."

"Tasha? Wa za mu tarba?"

"Wanda zan aura. Tafiya zai yi."

Murmushin ya tsaya a fuskarsa. Wayata ta sake ɗaukar ruri. Na kife ta a cinya.

"Ka ja motar, Injiniya, zan yi maka bayani a hanya. Idan ka sauke ni kuma ka dawo shago. Yaya ta ɗora maka shayi, kada ya huce."

Ya dube ni, ya ɗaga ido ya dubi shagon, ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa giya.